Tsofar da Akwatin Roba da Gangan Domin Gwaji

Jama'a, akwatin robar nan da ke rufe mitar lantarki a jikin bango, abu uku ke cinsa: rana da zafi da danshi. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, wato UV, mai tsinka sarƙoƙin da suka haɗu suka zama roba. Sai ta koɗe, ta ƙeƙashe, ta tsage, ruwa ya sami hanya.

Da yake ba a iya jiran shekara 10, masana kan tsofar da robar da gangan. A wani tsari na ma'aunin ASTM G154 na Amurka, akan gasa ta awa 8 da fitilun UV a digiri 60, sannan ta sha raɓa awa 4 a digiri 50, a yi ta maimaitawa, kana a auna launinta da ƙarfinta.

Amma a lura, gwajin yana nuna robar da ta fi wata juriya ne, ba ya ƙayyade shekarunta. Shi ya sa har yau ake shanya samfura a filin Allah a Fulorida da Arizona. Saboda haka, ma'aikacin da zai sayo wa hukuma kaya ya tambayi awa nawa aka gwada, kuma da wane zafi, domin ranar Sakkwato ba ta Landan ba ce.