Motar rimot na cin kwana ne da difiranshal ɗinta

Duk yaron Kafin Hausa da ya taɓa ƙera motar kara ya san matsalar kwana: idan tayoyi biyu suna kafe a sanda ɗaya, sai ɗaya ta ja ƙasa. Dalili kuwa, tayar waje ta fi ta ciki doguwar tafiya. Abin da difiranshal ke magancewa ke nan. Wasu ƙananan giyoyi ne da ke barin kowace taya ta juya da nata gudun.

A motocin tsere masu rimot, irin na Tamiya ta Japan da Traxxas ta Amurka, ana zuba wa giyoyin man silikon, ana auna kaurinsa da cSt. Mai kauri, kamar 7,000, yana hana ƙarfin inji zurarewa ta tayar da ta ɗaga sama, amma motar kan yi gardama a kwana. Tsinkakke, kamar 3,000, yana sauƙaƙa kwana, shi ya sa aka fi zuba shi a baya.

Babban abokin gaba a nan shi ne ƙurar hunturu da lakar fadamar Haɗejiya. Gwajin ba wuya: a ɗaga motar, a juya taya ɗaya da hannu. Ɗayar za ta juya baya sumul. In aka ji gurji-gurji, a kwance, a wanke, a sauya robobin toshiya, a zuba sabon mai. Wanda ya yi sakaci har haƙoran giya suka cinye, sai ya yi odar wasu ta intanet, motar tana ajiye yana jira.