Ina rarar furotin ɗin abincin kaji da kifi take tafiya?

Sau da yawa ina jin masu fara kiwo suna cewa in dai an cika waken suya da garin kifi a abinci, shi ke nan dabba za ta yi ta girma. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin hanta.

In furotin ya narke a hanji, yana rarrabuwa zuwa ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, jini ya kai su hanta kai tsaye. Jiki ya ɗebi na gina tsoka da ƙwai. Rarar kuwa ba ta da rumbun ajiya, dole hanta ta farfasa ta, a nan ammoniya ke fitowa, ita kuma guba ce.

A jikin mutum ko akuya, hanta ta raba aikin gida biyu. Sashen da ke bakin mashigar jini shi ke yawancin farfasawar, ya mai da ammoniya yuriya ta fita a fitsari. Wani ɗan siririn sashe a bakin mafita kuma ya tsince wadda ta kuɓuce kafin ta zaga jiki.

Kaza ba ta bin wannan hanyar. Hantarta yurik asid take yi, wato farin nan da kuke gani a saman kashinta. In ya haɗu da damshi a shimfiɗar ɗaki sai ya koma ammoniya, warin nan mai sa hawaye, ya riƙa cin ido da huhun kajin. Ta kifi ma ta fi muni. Tarwada tana sakin ammoniyar ne ta jajayen nan na gefen kai da take numfashi da su, cikin ruwan da take kwana. Ka sayi abinci da tsada, ka ɓata ruwa da shi, ka kuma sayi mai ka canja ruwan.

Shi ya sa nake cewa a tsaya kan ma'auni: 'yan tsakin broila kashi 21 zuwa 23 cikin ɗari, masu ƙwai 16 zuwa 18, ƙananan tarwada wajen 40 zuwa 45. Mai haɗa abinci da kansa ya kula da laisin da metiyonin. Masara ba ta da isasshen laisin, waken suya kuma metiyonin ne ya yi masa ƙaranci. In ɗaya ya gaza, sauran amino asid ɗin ba sa ginuwa, hanta ce za ta ƙone su ko da lissafinka na furotin ya cika.

Masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna kuwa, ko kyauta aka ba ka kar ka zuba, gubarsa hantar take fara kamawa.