Tana, Mai Dangi a Teku

In ruwan Agusta ya kwana yana zuba a birnin Zariya, gari kan waye da baƙi a lunguna. Daga gindin katanga, daga bakin kwata, daga gefen kududdufan da aka haƙa tun ana ɗibar ƙasar ginin gidaje da ganuwa, tana kan fito ta miƙe a kan hanya, ta yi ta jan jiki ba gaggawa. Yara su kewaye ta da tsinke. Daga tsakar gida sai ka ji muryar uwa: "Kai Auta, sa takalminka, kada ta shige maka ƙafa!" Kafin a jima wani ya ɗebo gishiri a madafa ya barbaɗa mata, ta yi ta birgima har ta mutu. An yanke hukunci, an zartar, ba wanda ya tsaya bin ba'asi.

Laifuffukan da ake ɗora mata suna da yawa, kuma kusan duk na wasu ne. Ba ta da haƙori, ba ta da abin huda fata. Bakinta ɗan leɓe ne mai taushi, iyakar ƙarfinsa ya ja ruɓaɓɓen ganye da laka. Sai dai uwar nan ba shirme take yi ba. Akwai abin da ke shiga ta tafin ƙafa a ƙasa mai danshi, musamman inda ake bahaya a fili: 'ya'yan wata tsutsar ciki ne, ido ba ya ganinsu, su huda fata, su bi jini, su yada zango a hanji suna shan jinin yaro har ya ɗashe. Takalmin dai a sa shi, amma an bar jaki ana dukan taiki.

Kurkunu ma, wanda manya ba su manta da azabarsa ba, ana yi masa kallon ɗan gidansu tana saboda tsawo da siranta, don yakan kai mita guda. Shi ta ruwan sha yake shiga, ruwan tafki da kududdufi mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwarin ruwa, ya yi kusan shekara a jiki kafin ya ɓullo a ƙafa. A ƙidayar da aka yi tsakanin 1988 da 1989 an sami fiye da mutum 650,000 masu fama da shi a Nijeriya. Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a Wusasa nan bayan gari, yana cikin waɗanda suka bi ƙauyuka suna yaƙar cutar tare da cibiyar tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar. Da kurkunu da tsutsar ciki jikinsu sumul yake, babu gaɓa ko ɗaya. Ba su haɗa komai da tana ba.

Wanda ya fi rikita mutane shi ne wani ɗan maciji siriri, baƙi ko ruwan ƙasa, mai sheƙi, da fartanya kan tono a gona. Ba ya cutarwa, ƙwan tururuwa da gara yake ci, amma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa ake kashe shi a kashe tana tare. Bambance su ba wuya. Macijin jikinsa busasshe ne, yana zaro harshe, yana tafiya a karkace, kuma tsawonsa ba ya canzawa. Tana kuwa jiƙaƙƙiya ce, jikinta zobe-zobe daga kai har wutsiya, yanzu ta miƙe ta sirance, an jima ta dunƙule ta yi kauri. Kama da wane ba ta wane.

Wanda ya iya danne ƙyama ya ɗauki babbar tana, ya wanke mata laka, ya shafa cikinta da yatsa daga wutsiya zuwa kai, zai ji wani ɗan kaushi. In ya ɗora ta a busasshiyar takarda ya kasa kunne, zai iya jin ƙaramin karce yayin da take tafiya. Gashi ne, gajere, mai tauri, an yi shi da irin sinadarin da ke ɓawon jikin fara. A yawancin irin da muke gani, kowace gaɓa tana da guda takwas, biyu-biyu a wuri huɗu. Da shi take tafiya. Ba ta da ƙashi, ruwan da ke cikin jikinta ne ke riƙe ta. Naman da ya kewaye jikin ya matse, sai ta yi tsawo ta tura kai gaba, ta kafa gashin gaba a ƙasa. Naman da ya bi tsawon jikin ya ja, sai baya ya biyo. Sannu ba ta hana zuwa. Shi ne kuma dalilin da kaza kan ja da baya tana turjiya in ta kama tanar da rabinta ke rami: gashin ya cije bangon ramin, sau da yawa tsinkewa take yi ba ta fito ba.

Wannan ɗan gashi shi ne shaidar asalinta, kuma asalin yana nesa. Daga Ƙofar Doka ta Zariya zuwa bakin teku mafi kusa ya haura kilomita 600, amma can babban gidansu yake. Cikin yashi da laka da kogunan duwatsun teku akwai tsutsotsi masu zobe fiye da iri 10,000, waɗanda gashinsu ba takwas ba ne, tuli ne. Kowace gaɓa tana da ɗan reshen nama a dama da hagu, a kan kowane reshe dami na gashi, da shi ake rarrafe, da shi ake iyo, wasu ma ta nan suke numfashi. Su ba su yi zuhudu irin na tana ba. Da yawansu suna da kai sosai, da idanu biyu ko huɗu, da 'yan ƙahoni masu taushi na shinshina, wasu har da muƙamuƙi baƙaƙe da suke harbowa waje su cafke abinci. Akwai wadda ake tsoro a tekun Atilantika, mai farin gashi mai saurin karyewa. Wanda ya taɓa ta zai sha abin da mai sussuka kan sha da ƙaiƙayin gero, sai dai nata da zafin ƙuna. Akwai kuma ta tsibiran Samowa, wadda a watan Oktoba ko Nuwamba, in wata ya kai rubu'insa na ƙarshe, rabin jikinta na baya kan ɓalle cike da ƙwai ya taso saman ruwa. Mutane su fito da asuba da raga su kwashe, abinci ne na alfarma a wurinsu.

Amma yawancinsu ƙanana ne ƙwarai, wasu ba su kai milimita biyar ba, kuma gane su aikin masu haƙuri ne. Mai bincike zai ɗebo laka, a lagon Ikko ko wani wuri, ya tace ta da rariya mai ido rabin milimita, ya zauna gaban madubin ƙara girma yana ƙirga: ƙahoni nawa, ido nawa, a gaɓa ta nawa abin numfashi ya fara, sannan ya koma kan gashin kansa. Wani miƙaƙƙe ne, wani bakinsa lanƙwasasshe, wani yana da gwiwa a tsakiya, wani yana da haƙora a tsini, kuma adadin haƙoran nan kaɗai kan raba iri biyu da ido ya rantse ɗaya ne. Har gwanayen ma sukan yi wa rogo ganin kitse. Akwai wata 'yar ja mai suna Capitella, wadda ke cika wuraren da ƙazantar gari ke kwarara cikin teku, har ake auna lalacewar ruwa da yawanta. An daɗe ana ɗaukarta iri ɗaya a duk duniya, sai a 1976 wasu masana biyu a Amurka, Judith Grassle da mijinta Frederick, suka nuna cewa a gaɓar ruwa guda ma iri shida ne daban-daban. Ita wannan, da za a jefa ta a bakin kwata a Kwarbai, ba wanda zai ce ba tana ba ce.

Binciken ƙwayoyin gado ya nuna tana reshe ce daga cikin wannan babban gida, ita da wani ɗan'uwa da ba za ta so a ambata ba: matsattsaku. Shi ma zobe-zobe ne, ya dai zubar da gashin ya yi abin maƙalewa a kai da wutsiya. Wato mai shan jinin da ke liƙe wa yara a kududdufi ya fi kusa da ita a kan duk tsutsotsin da ake zarginta da su. To, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A ganina duk halayen tana suna bayyana in aka tuna 'yar ruwa ce da ta zo zama a tudu. Ba ta da huhu, ta fata take shaƙar iska, fatar kuma sai da danshi take aiki, shi ya sa kullum cikin yauƙi take. Gishiri yana zuƙe ruwan jikinta ne, abin da ake gani kamar rawa shaƙewa ce da bushewa lokaci guda. Rana ma haka take yi mata. Jininta ja ne, da irin sinadarin da ke ɗaukar iska a namu jinin. Fitowar da take yi bayan ruwa, wadda ta sa yara ke cewa daga sama take faɗowa, tana da dalili biyu: rami ya cika da ruwa iska ta yi ƙaranci, sannan jiƙaƙƙiyar ƙasa ita ce damarta ta yin doguwar tafiya a sarari ba tare da ta bushe ba. Zariya takan sami ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan duk tsakanin Mayu da Oktoba. Sauran watannin fa? Daga kaka, in ƙasa ta fara tsagewa, sai ta nutsa can ƙasa, ta shafe ɗan ɗaki da yauƙinta, ta naɗe, ta daina ci, ta jira. Waɗanda ba su kai ba su mutu, su bar ƙwai a ƙunshe cikin ƙasa.

Ido babu, amma fatarta tana jin haske, musamman wajen kai. Kunne babu. Charles Darwin, a littafin da ya fitar kan tana a 1881, shekara guda kafin mutuwarsa, ya ba da labarin yadda aka busa musu usur, aka kaɗa musu fiyano, ko gezau. Da aka ɗora tukunyar da suke ciki a kan fiyanon kuwa, girgizar farko suka shige rami. A cikin tana akwai ƙundu, inda yashin da ta haɗiye ke niƙa abinci. Kowace tana mace ce kuma namiji, amma duk da haka yawanci sai biyu sun haɗu sun yi musaya. Ɗamarar nan mai kauri da ake gani kusa da kai ita ce alamar balaga, daga ita ƙunshin ƙwai ke fitowa, ya zame ta kai ya faɗa ƙasa. Masana da ita suke fara gane iri, su ƙirga a gaɓa ta nawa ta fara, a ta nawa ta ƙare. Wadda ba ta yi ɗamara ba da wuya a ce ga sunanta. Zancen cewa in an raba ta biyu ta zama biyu kuwa, yawanci ba haka ba ne. Ɓangaren kai, in yankan ya faɗa can baya, yana iya tsiro da sabuwar wutsiya. Wutsiyar takan yi ta motsi ne kawai kafin ta mutu.

Darwin ya ƙiyasta cewa a wurare da yawa a Ingila fiye da tan goma na ƙasa ke ratsa cikin tana a kowace eka a shekara. A nan ƙasarmu ba za a ba ta wannan kambu ita kaɗai ba, don a tudu, inda rani ke da tsawo, gara ce ta fi juya ƙasa. Mulkin tana yana inda danshi ke daɗewa: fadamun Kubanni da Galma, lambuna, gindin juji, gonakin cikin ganuwa wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da ake zuba wa takin gari. A irin wuraren nan ake tarar da kashinta da safe, 'yan tulin ƙasa murɗaɗɗu, masu laushi da albarka fiye da ƙasar da ke kewaye, ramukanta kuma su ne hanyar ruwa da iska zuwa saiwa. Gonar da ake ƙone wa karmami kowace shekara a bar ta tsirara, tana ba ta zama a cikinta. Masu fatsa a Galma sun fi kowa sanin inda take, don ba abin da tarwaɗa ke so a ƙugiya irinta.

Wata daga cikin na Afirka ta Yamma ta yi suna a duniya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Kinberg, ya bi jirgin ruwan yaƙi mai suna Eugenie ya zaga duniya daga 1851 zuwa 1853 yana tara halittu. Shi ya raɗa wa gidan mai farin gashin nan ta teku suna Hermodice, shi ne kuma ya fara bayyana wata babbar tana mai sheƙin shuni da aka samo a tsibirin Sent Helena, wadda yau ake kira Eudrilus eugeniae. Asalinta yankinmu ne. Yanzu kiwonta ake yi a Indiya da Filifin da Amurka, ana ba ta kashin shanu da ɓawon kayan lambu tana mai da su taki, ana sayar da ita kanta ga masu kamun kifi da masu kiwonsa. Tana balaga cikin 'yan makonni, kuma ta fi son zafi tsakanin digiri 25 da 30, shi ya sa masu kiwonta a ƙasashen sanyi sai sun ɗumama mata ɗaki. Mai son gwadawa a Zariya ba ya bukatar wannan. Abin da zai tanada shi ne inuwa, tsohon baho mai huji a gindi, taki da ya riga ya huce, da jiƙaƙƙen buhu a rufe sama, sannan ya ɗaga bahon daga ƙasa saboda kwarkwasa, ya kuma yi masa murfin da kajin maƙwabta ba za su iya turewa ba.