An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Tarar Iyaye Ba Za Ta Cika Aji Ba

Tun watan Oktoban 2023, da Sanata Orji Uzor Kalu ya gabatar da ƙudurin cin tarar naira 50,000 ga iyayen da ba su sa 'ya'yansu a makaranta ba, maganar ke tasowa duk farkon zangon karatu. A teburin mai shayi da shirye-shiryen rediyo, abu ɗaya ake maimaitawa: "Ai karatu kyauta ne, iyaye ne suka ƙi." Wannan magana tana ci min tuwo a ƙwarya, domin ita ke sa muke barin jaki muna dukan taiki.

Ita tarar ba baƙuwa ba ce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara, ta tanadi gargaɗi ga uban da ya saɓa, in ya sake a ci shi naira 2,000 ko wata ɗaya a gidan yari. Sama da shekara ashirin ke nan da dokar, amma UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya. A 2022 UNESCO ta ce sun kai kusan miliyan 20, da ta haɗa har da 'yan shekara 18. Mafi yawansu namu ne, 'yan Arewa. Da tsoron tara na kai yaro aji, da tuni an gama.

Mu tsaya a kan kalmar "kyauta". In an ba ka doki kyauta, dusa da harawa a wuyanka suke. In an gayyace ka walima a wani gari, abincin kyauta ne, kuɗin mota naka ne. Haka makarantar gwamnati take: ba kuɗin zango, amma akwai yunifom, takalmi, littattafan rubutu, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, kuɗin tara, wani lokaci har tsintsiya da alli. Lissafa wannan sau shida ga mai tura baro da ke da 'ya'ya shida.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a rasit. Wata safiya da hantsi na sayi dafaffiyar gyaɗa a tasha wajen wata yarinya da ba ta wuce shekara takwas ba. Ta ƙirga min canji ba kuskure, da sauri kamar tsohuwar 'yar kasuwa. Na ce, "'Yan mata, ba makaranta?" Ta gyara gammonta ta ce, "Baba, in na tafi wa zai sayar wa Inna?" Farantin nan shi ne cefanen gidansu na dare. Duk ranar da ta zauna a aji, tukunya ce ke biya.

To, in uwa ta daure ta sadaukar da wannan ciniki, me take samu? Na taɓa leƙa wani aji na firamare, yara sun haura ɗari a kan siminti da ya farfashe, rufin kwano ya yaye rabi, malami ɗaya da guntun alli yana zagaya aji biyu. Yaro ya yi shekara shida a irin wannan wuri, ya fito bai iya karanta wa babansa saƙon waya ba. Wane manomi ne zai ci gaba da zuba iri a gonar da ta ci shi damina shida ba ta ba shi dami ɗaya ba? Maƙwabcin da ya ga haka ya ƙi sa nasa ɗan, lissafi ya yi, ba ƙin boko ba. Ƙara da fargaba: uban da ya ji yadda aka sace ƙananan yara 'yan makaranta a Tegina a 2021, da Kuriga a watan Maris na 2024, ba da tara za ka kwantar masa da hankali ba.

Abin takaicin shi ne kuɗin gyara na nan. Doka ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da sharaɗin jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a asusu saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan sakaci ba a cin tarar kowa a kansa.

Ba ina wanke iyaye duka ba ne. Muna da magidancin da zai samu kuɗin ƙara aure amma ya rasa na littafi, da wanda zai tura ɗan shekara shida almajiranci wani gari ba guzuri, ba waiwaye. Irin waɗannan sai mai unguwa da liman sun faɗa musu gaskiya ido da ido.

Amma tsari shi ne a fara da abin da ke hannun hukuma: malami ƙwararre da ake biya a kan kari, aji mai rufi kusa da gida, abincin rana, da tsaro. Ranar da yaran unguwa suka fara dawowa gida suna karanta takardar asibiti, Innar yarinyar nan da kanta za ta sauke mata faranti ta riƙo hannunta zuwa wajen hedimasta. Wanda ya ƙi bayan wannan, a ci shi tara, kuma ba zan yi masa kuka ba.