Tauraruwa Mai Wutsiya: Baƙuwa Ce, Ba 'Yar Aiken Mutuwa Ba

Jama'ar Kwarbai da kewaye, duk mun tashi muna jin ana cewa tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Da ta ɓullo sai a shiga raɗe-raɗi a zauruka: wani babba zai rasu, ko yunwa na tafe. Lokaci ya yi da za mu san gaskiyar abin.

Ba tauraruwa ba ce kamar sauran. Dunƙulen ƙanƙara ce haɗe da ƙura da tsakuwa, tana kewaya rana. Idan ta matso kusa, zafi ya kan sa ƙanƙarar ta koma tururi, sai iskar da ke fitowa daga rana ta kora shi baya tare da ƙurar. Wutsiyar ke nan, shi ya sa kullum take juya wa rana baya.

Wasu ba sa nisa, kamar Halley da aka gani a 1986, wadda za ta komo a 2061. Wasu kuwa zagayensu ɗaya ya haura shekara 200, har ya kai dubbai. A 1950 masanin taurari ɗan ƙasar Holan, Jan Oort, ya nuna cewa waɗannan suna fitowa ne daga wani taron ƙanƙara da ya kewaye rana can nesa, ninki dubbai na tazarar da ke tsakaninmu da ita. Ƙarfin jan wani tauraro mai wucewa kan iya tunkuɗo ɗaya ta nufo ciki. Hale-Bopp ta 1997 sai bayan shekara fiye da 2,000 za ta dawo. Wadda ta kamo hanya tun kafin a gina ganuwar Zazzau, ina ruwanta da mutuwar wani a yau?

Malamanmu sun sani: ranar da Ibrahim ɗan Annabi (SAW) ya rasu aka yi kusufin rana, shi kuwa ya karantar da sahabbai cewa ba a yin kusufi don mutuwar kowa. Haka ita ma tauraruwa mai wutsiya, ba don mutuwar kowa take fitowa ba.

Saboda haka idan aka sanar da fitowar wata, kamar yadda Tsuchinshan-ATLAS ta bayyana a yamma bayan magariba cikin Oktoban 2024, kada a kulle yara a ɗaki, kada a yaɗa saƙon tsoro a WhatsApp. A nemi fili mai duhu bayan gari, nesa da fitilu, a daren da babu hazo. Kallonta ba ya cutar da ido. Ku kai 'ya'yanku su ga ikon Allah, ku kuma bayyana musu yadda abin yake.