Abin da intanet ba zai ba mai bincike ba a kan Minna da Jihar Neja

A yau, ɗalibin da aka ba aikin bincike a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ko a Bosso yake ko a Gidan Kwano, wayarsa yake fara ɗauka. Babu laifi a nan, sai dai intanet na da iyakokin da ke iya jawo wa mai bincike asarar maki da zubewar ƙima.

Na farko, abin da aka ɗora kaɗai ake samu. Takardun Lardin Neja na zamanin Turawa suna ajiye ne a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, kuma mafi yawansu sai mutum ya je da ƙafarsa ya buɗe fayil. Haka nan tarihin Gbagyi, waɗanda suka zauna a Minna tun kafin zuwan jirgin ƙasa, yawancinsa a bakin dattawa yake.

Na biyu, ruɗanin suna. A Hausa mun bambance Neja da Nijar, amma a Turanci rubutunsu ɗaya ne. Mai neman bayani kan jihar da aka ƙirƙiro a 1976 kan iya kwaso alƙaluman Jamhuriyar Nijar bai ankara ba.

Na uku, alƙaluman da ba su da tushe. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, lokacin da aka samu kusan mutum miliyan 4 a Jihar Neja. Duk wani adadin da ya biyo baya ƙiyasi ne, amma shafuka da dama kan kawo shi tamkar tabbas.

Na huɗu, kowa na iya rubutu. Wikipedia a buɗe take ga mai gyara, kuma shafuka kan kwafi juna. Ganin magana ɗaya a wuri goma ba ya nufin shaidu goma ne. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma kan ambaci littattafan da babu su.

Saboda haka, mai bincike ya duba wanda ya rubuta, da ranar rubutun, da inda aka samo bayanin. Sannan ya gwada shi da littattafan ɗakin karatu, da takardun hukuma, da hira da masana. Intanet zai nuna masa hanya, amma tantancewa aikinsa ne.