Tabar Lofe: Iri-irinta, da Gyaranta, da Haɗarinta

Ya ku manoma, da dagatai, da masu unguwa, sau da yawa a kan tambayi malaman gona, shin mene ne ya sa tabar lofe da ta ke zuwa cikin gwangwani daga ƙasashen Turawa ta ke da ƙanshi dabam, da launi dabam, da tsada, alhali kuwa ganyen nan ɗaya ne da wanda mu ke shukawa a fadama? Waɗansu sun ce iri ne, waɗansu sun ce turare ne a ke zubawa. Amsar ita ce, yawancin bambancin daga ƙasar da aka shuka ta ya ke fitowa, da kuma yadda aka busar da ganyen. Wannan takarda za ta bayyana muku haka dalla-dalla. Za ta kuma faɗa muku abin da taba ta ke yi wa gona da jikin mutum, don kowa ya auna da kansa kafin ya ba ta wuri a gonarsa.

1. Asalin taba

Taba tsiron nahiyar Amurka ce. Cikin 1492 mutanen Kolumbus suka iske mazaunan tsibirin Kyuba suna shan hayaƙinta. Cikin 1560 wani jakadan Faransa, Jean Nicot, ya aika da ita fadar sarkinsu, daga sunansa ne aka sa wa dafin da ke cikin ganyen suna nikotin. Cikin 1612 Ingilishi suka fara nomanta don ciniki a ƙasar Bajiniya. Wajen shekara ta 1600 kuwa ta riga ta iso Afirka ta Yamma. An buɗe masana'antar sigari a Ibadan cikin 1937, a Zariya kuma cikin 1959.

Dangin taba biyu ne a ke nomawa. Akwai doguwa mai faffaɗan ganye, mai fure ja-ja, ita ce ta ciniki a duniya. Akwai gajeruwa mai kaurin ganye, mai fure rawaya-rawaya, wadda dafinta ya fi na doguwar yawa nesa ba kusa ba.

2. Lofe iri huɗu

Na fari shi ne na yumɓu, wanda mu ke ce wa tukunyar taba. Turawa ma da shi suka fara, garin Gauda na ƙasar Holanda ya yi suna wajen gina shi. Yana da araha, ba ya ƙara wa hayaƙi wani ɗanɗano, amma yana zafi har ya ƙona yatsa, ga shi da saurin fashewa.

Na biyu shi ne na saiwar itace. Akwai wani ɗan itace da ke fitowa a duwatsun gefen Bahar Rum, Turawa na ce masa biraya. Gindinsa ya kan tara wani ƙullutu mai tauri ƙarƙashin ƙasa, wanda ba ya saurin cin wuta. A kan haƙo shi, a yanka, a dafa cikin ruwa don a fid da ɗacinsa, a shanya wata da watanni, sa'an nan a sassaƙa. Mutanen garin San-Kulod na Faransa suka ɗaukaka wannan sana'a tun tsakiyar ƙarni na 19, yau kuwa yawancin lofen da a ke sayarwa a duniya na biraya ne.

Na uku shi ne na farin dutse mai laushi, wanda a ke haƙowa kusa da Eskishehir a ƙasar Turkiyya. Jamusawa sun sa masa suna kumfan teku saboda farinsa da rashin nauyinsa. Yana tsotse danshin hayaƙi, da daɗewa sai ya rine ya koma launin zuma. Yana da tsada, in ya faɗi kuwa ya tashi daga aiki.

Na huɗu shi ne na totuwar masara. Cikin 1869 aka fara sassaƙa shi don sayarwa a wani gari na jihar Mizuri a Amurka. Shi ne lofen talaka.

Masu sanin lofe abu huɗu su ke dubawa in za su saya. Su duba ko akwai tsaga a jikin tukunyar. Su duba kaurin bangonta, zama mai sirirín bango zafi ya ke yi. Su duba ramin iska ya faɗo daidai ƙasan tukunyar, im ba haka ba taba ta kan jiƙe ta ƙi cinyewa. Su kuma ja iska ta bututun su ji tana wucewa ba da sarƙewa ba. Su kan keɓe wa taba mai ƙaurin hayaƙi lofe nata, domin itace yana riƙe wari, kamar yadda tukunyar da aka dafa kifi ba ta yin kunu mai daɗi.

3. Hanyoyi huɗu na busar da ganye

Nan ne gindin maganar ya ke. Ganye ɗanye ba ya shayuwa. Abin da zai zama duka yana ga yadda aka raba shi da ruwan jikinsa.

Hanya ta fari, gashi da zafin bututu. A kan rataya ganye cikin ɗaki rufaffe, a hura wuta a waje, zafin ya bi ta bututun ƙarfe ya ratsa ɗakin, hayaƙi bai taɓa ganyen ba. A fara da ɗumi-ɗumi har ganye ya yi rawaya, sa'an nan a riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan har jijiyar tsakiya ta bushe. Aikin kamar kwana 5 zuwa 7 ne. Saurin nan shi ke tsare zaƙin da ke cikin ganyen. Wannan ita ce tabar Bajiniya, rawaya mai zaƙi.

Hanya ta biyu, shanya a inuwa. A rataya ganye a rumfa mai shan iska mako 4 zuwa 8. Da ya ke bushewar a hankali ce, ganyen ya kan cinye zaƙinsa, ya koma ruwan ƙasa. Wannan ita ce Barli, wadda aka sami farin irinta a jihar Ohayo cikin 1864. Ba ta da zaƙi, amma tana da ƙarfi, tana kuma shan duk abin ƙanshin da aka zuba mata kamar yadda auduga ke shan ruwa.

Hanya ta uku, shanya a rana. Ita ce al'adar Turkiyya, wajen Izmir da Samsun, da ƙasar Girka da Bulgeriya. A can a busasshiyar ƙasa mai tsakuwa a ke shuka taba, ganyen ya kan fito ƙanana, waɗansu ba su wuce tafin hannu ba. A tsire su a zare a shanya. Dafinsu kaɗan ne in an gwada da na Barli, ƙanshinsu kuwa mai yawa.

Hanya ta huɗu, turarawa da hayaƙi. A jihar Kentaki a kan hura ƙaramar wuta ta itace mai tauri ƙarƙashin ganye kwana da kwanaki, ya fito baƙi-baƙi mai ƙarfi. Akwai kuma Latakiya, wadda ta sami sunanta daga wata tashar jirgin ruwa a ƙasar Sham. Ita a kan shanya ta a rana tukuna, kana a turara ta da hayaƙin itatuwa masu ƙanshi wata da watanni har ta yi baƙi ƙirin. Daga baya aikinta ya koma tsibirin Ƙubrus.

Ban da waɗannan akwai biyu da a ke gyarawa da danni. Ferik a wani ɗan yanki na jihar Luwiziyana, a bakin kogin Misisifi, a ke yinta. A cusa ganye cikin gangar katako, a danne shi da ƙarfi, ya ruɓa cikin ruwan jikinsa kamar shekara guda, ana fitarwa ana juyawa ana maidawa. Wanda ya san aikin daddawa ya san wannan. Kabandish kuwa ba irin shuka ba ne, gyara ne: a turara ganye da tururi, a danne, wani lokaci a zuba masa zaƙi, ya yi laushi ya rage kaifi.

4. Gauraye

Mai haɗa tabar lofe kamar mai miya ne. Bajiniya ko Barli su ne ganyen miyar, su suka fi yawa. Ta Turkiyya, da Latakiya, da Ferik su ne yaji da daddawa, kaɗan a ke sa su, in sun yi yawa su ɓata tukunya. Haɗi uku suka fi shahara. Akwai haɗin Ingilishi, watau Bajiniya da ta Turkiyya da Latakiya, ba a zuba masa kayan zaƙi. Dalili kuwa, tun cikin ƙarni na 19 dokar Ingila ta daɗe tana hana cuɗanya taba da waɗansu abubuwa, sai masu haɗi suka koyi neman ɗanɗano daga ganyen kansa. Akwai Bajiniya da ɗan Ferik. Akwai kuma mai ƙanshi, watau Barli da Kabandish da aka zuba musu kayan zaƙi. Wannan ta fi daɗin shaƙa ga na kusa, amma tana da danshi, ta kan ƙona harshen mai sha.

5. Abin da manomi zai ɗauka daga nan

Wanda ya riga ya ke noman taba ya lura da waɗannan.

Irin taba ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya ya kan kai ƙwaya 10,000. A gauraya shi da toka ko rairayi a yafa a fangali, kada a binne. Bayan mako 6 zuwa 8 dashe ya isa cira.

Ƙasa mai rairayi ta kan ba da ganye mai haske, mara nauyi. Baƙar laka da taki mai yawa su kan ba da ganye mai kauri, mai duhu, mai ƙarfi. Ruwan rijiya mai gishiri-gishiri abokin gaban taba ne, ganyen da ya sha shi ba ya riƙe wuta, kome kyaunsa a ido.

In fure ya fito a karye kan, a riƙa tsinke tohon da ke fitowa tsakanin ganye da kara, don abinci ya koma ga ganye. Taba daga ƙasa ta ke nuna, saboda haka a riƙa cire biyu ko uku daga ƙasa, sa'ad da suka fara rawaya. A saiwa ne dafi ya ke samuwa ya hau sama, na saman sun fi na ƙasan ƙarfi. Kada a haɗa su dami ɗaya.

Hunturu ya kan busar da ganye tun bai juya launi ba, ya bushe kore, mai ɗaci, ba shi da kasuwa. In iska ta yi yawa a rufe rumfa da zana, a yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina kuwa laima ke kawo funfuna, sai a buɗe rumfa a rage cunkoso. Busasshen ganye da sassafe a ke taɓa shi, sa'ad da ya yi laushi, im ba haka ba sai ya farfashe.

6. Haɗarin taba

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Cikin hanyoyin nan da muka lissafa babu wadda ta ke fid da dafi daga ganye, cikin lofen nan huɗu kuma babu wanda ya ke tace shi. Cikin 1950 waɗansu masana biyu na Ingila, Richard Doll da Bradford Hill, suka nuna dangantakar shan taba da sankarar huhu. Cikin 1964 babban likitan gwamnatin Amurka ya tabbatar da haka a rahotonsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 ko wace shekara. Mai lofe ya kan ce shi ba ya haɗiye hayaƙi. Duk da haka sankarar leɓe, da ta baki, da ta maƙogwaro, da ciwon zuciya sun fi kama shi bisa ga wanda ba ya sha. Matarsa da 'ya'yansa da ke ɗaki ɗaya da shi suna shaƙar rabonsu. Mai cin taba gari ma bai tsira ba, kanwar da a ke sa mata ita ke ƙara wa dafin saurin shiga jini.

Manomi yana da nasa haɗarin ko da bai taɓa sha ba. Ganye mai raɓa ko ruwan sama ya kan saki dafi ya shiga ta fata. Mutum ya dawo gida da jiri, da amai, da ciwon kai, da kasala, a ce rana ce ta buge shi, alhali taba ce. Yara suka fi saurin kamuwa. Saboda haka kada a ciri taba sai raɓa ta bushe, a sa riga mai dogon hannu, a canza ta in ta jiƙe, a wanke jiki da sabulu. Kada a sa yara wannan aiki, ko mace mai ciki.

Gona ma tana biyan nata. Taba dangin tumatir ce, da barkono, da tattasai, da gauta, da yalo, da dankalin Turawa, cutarsu ɗaya. Akwai ƙananan tsutsotsi cikin ƙasa masu sa saiwa ƙulli-ƙulli. Akwai cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare ya tsumbure, wadda ba ta da magani, tana kuma zama da rai cikin busasshiyar taba shekara da shekaru. Mai shan taba ko mai cinta yana iya kai ta fangalin tumatir da yatsunsa. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa dashe, a tumɓuke wanda ya kamu a ƙone. Kada a bi taba da ɗayan waɗannan, a bi ta da gero ko dawa ko masara, kada kuma ta koma wuri ɗaya sai bayan shekara 3. Taba tana tsotse ƙarfin ƙasa, gashinta da bututu kuwa yana cinye itacen daji.

7. Ga dagatai da masu unguwa

Cikin 2015 aka kafa doka a Nijeriya wadda ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana shanta a wuraren taruwar jama'a da ta ambata. Wajibinku ne ku sanar da masu tebur da masu talla. Ku tara manoma kafin a fara gyaran fangali ku karanta musu wannan takarda, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku roƙe su kada kowa ya ba taba fadamarsa sai rumbunsa ya cika da hatsi. Wanda ya ke shakka ya lissafa kwanakin aiki, da itace, da taki, da lafiyar iyalinsa, ya gwada da abin da albasa ko alkama za su ba shi a wannan wurin. Wanda ya riga ya saba da lofe kuma yana so ya bari, ya je asibiti ya nemi shawara, jiki ya kan fara farfaɗowa tun daga ranar da aka daina. Wanda bai fara ba kuwa, rigakafi ya fi magani.

In akwai abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona na gundumarku. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana lafiya, amin.